Jan Farce a Babban Yatsan Mai Agogo

Ranar da ya fara shigowa shagon, hannunsa na dama yana cikin aljihu, kuma bai fitar da shi ba har ya gama gaisuwa.

Auta ce kaɗai a ciki. Shagon na yayarta ne, shagon kayan kwalliya ɗan madaidaici a bakin titi, tsakanin kemis da mai sayar da labule. Tun da ta gama makaranta take zama a nan kafin aiki ya samu. Tana tsaye a kan kujera tana jera man shafawa a kantar sama ta ji sallamarsa, ta waiwayo.

Dogo ne, siriri, da gilashi a fuska, yana ta kallon ƙasa kamar wanda ya zo ba da haƙuri.

"Don Allah, abin goge jan farce nake nema."

"Wanne daga ciki?"

Ya ɗago da sauri. "Au, dama kala-kala ne?"

Auta ta danne dariyarta, ta sauko, ta jera masa kaya a kan gilashin teburi. Ta taɓa kwalba ta farko.

"Wannan mai sinadarin asiton ne. Shafa ɗaya ya kwashe komai, amma yana da wari, kuma yana busar da fata. Wannan kuma babu asiton a cikinsa, yana da ɗan maiƙo, sai dai yana son haƙuri. Wannan gwangwanin 'yan ƙyallaye ne a jiƙe, na tafiya. Wannan mai faɗin bakin soso ne a ciki, yatsa ake turawa a juya."

Ya tsaya yana kallonsu kamar an ba shi jarrabawar da bai yi karatunta ba.

"Na farkon nan na sani," ya ce. "Shi na saya a wani wuri. Duk ya tsattsaga mata gefen farce."

"Na wace ce?"

"Na wata ce. Wata mai tsada a wurina."

Auta ta ji wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji, ta kuma ji haushin kanta. Ina ruwanta da mutumin da ko minti biyar bai yi a gabanta ba? Ta tura masa kwalba ta biyu.

"To ɗauki wannan. In an gama a wanke hannu a shafa mai."

Da ya zo biya ne ya manta, ya zaro hannun daman. Farcen babban yatsansa ja wur, yana sheƙi, an shafa shi tsaf babu inda ya ɓata fata.

Wannan karon dariyar ta ƙwace mata. Ta rufe baki da mayafi tana cewa, "Yi haƙuri, wallahi ba da gangan ba ne."

"Yi abinki," ya ce, shi ma yana murmushi cikin kunya. "A kaina nake gwadawa kafin in taɓa nata. Tun safe nake yawo da hannu a aljihu kamar ɓarawo."

Ta yago auduga, ta ɗiga maganin, ta miƙa masa. Ya hau dirza da ƙarfi.

"A'a, malam, ba tukunya kake wankewa ba. Ɗora ka danna, ka ɗan jira, sannan ka ja zuwa waje."

Ya yi yadda ta ce. Jan ya biyo audugar, farcen ya fito fes. Ya dube shi, ya dube ta, ya ce, "Allah ya yi miki albarka," da irin muryar wanda aka cire wa ƙaya.

Bayan ya fita ta leƙa ta ga inda ya nufa. Ashe ba nisa. Shi ne mai gyaran agogon da ya kama ɗan shago a tsallaken titi, kusa da inda motocin haya suke tsayawa.

Da ya dawo neman wata kwalbar, Auta ta riga ta shirya fuskarta. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Madam ta ji daɗinsa?"

"Wace madam?"

"Mai tsadar."

Sai a lokacin ya fahimta. Ya ciro waya ya nuna mata hoto. Hannun tsohuwa ne a kan matashin kai, yatsun a ɗan lanƙwashe, jijiyoyi sun fito, farce biyar ja wur.

"Mamana ce. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki. Tela ce, kuma tun ina yaro ban taɓa ganin ta fita unguwa babu jan farce ba. Da likita ya ce a riƙa kawo ta gashi da motsa hannu, sai ta ce ba inda za ta da hannu kamar na gawa. Ba ta da 'ya mace, ni kaɗai gare ta. Shi ne na ce to, ni da nake ɗaura kusoshin agogo da ba a gani sai da gilashi, farce ne zai gagare ni?"

"Kuma kullum sai an goge?"

"Duk ranar asibiti. Da safe in shafa, in mun dawo in goge saboda alwala. Shi ya sa mai ƙarfin nan ya cinye mata fata."

Auta ta juya ta yi kamar tana neman wani abu a kanta, don kada ya ga idonta. Da ta juyo sai ta ɗora masa ƙullin auduga a kan kwalbar.

"Wannan kyauta ce. Ka ce ina gaishe ta."

"In ce wa ke gaishe ta?"

"Ka ce Auta."

"Ni dai mai auduga zan ce."

Ya karɓi lambarta da hujjar wai ta riƙa sanar da shi idan sabon kaya ya zo. Sabon kaya bai zo ba, amma saƙo ya zo tun kafin ta rufe shago.

"Salam, mai auduga. Mama ta ce ta amsa, kuma wai in tambaye ki ko ke ce kika hana ni dirzar mata yatsu. Ta ce in ke ce, Allah ya ba ki miji mai haƙuri."

Auta ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Amin. Ka ce mata ni ce. Kai kuma ka daina yawo da jan farce a titi, Mai Agogo, kana ɓata wa unguwa suna."

"Na daina. Yanzu sai ɗan ƙaramin yatsa, shi ba a lura."

Daga nan hira ta ɓarke. Da safe idan ya buɗe shago yakan ɗaga mata hannu daga tsallake, ita kuma ta yi kamar tana goge gilashin ƙofa. Agogon bangon shagonsu da ya daɗe a tsaye ya zo ya gyara, ya ƙi karɓar komai. Yaya ta kalli agogon, ta kalli ƙanwarta, ta ce, "Ikon Allah. Ni ina ce batir kawai yake so, ashe sai an yini ana gyara shi."

"Kai, Yaya!"

"Ni me na ce? Agogo na yaba."

Wata ranar hutu Yaya ta raka ta gaida Mama. Gida ne mai ɗaki biyu, tsaf da shi, keken ɗinki a lulluɓe a gefen taga. Mama tana zaune a kujera mai hannu, bakinta ya ɗan karkace, maganarta tana fita a hankali, amma idonta tar.

"Matso in gan ki. To, ke ce. Yaron nan ya cika min kunne da auduga, auduga, har na ɗauka gona ya saya."

Mai Agogo ya sulale waje wai zai sayo lemo.

Auta ta zauna a ƙasa, ta ɗauki hannun Mama ta duba. Fatar ta warke, sai ɗan sauran bushewa, farcen kuma ja wur, an shafa saboda zuwan baƙi. Ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar nan mai soso a ciki.

"Mama, wannan ma babu asiton. Na ga yatsun sun fara miƙewa. Ko za ki gwada turawa da kanki?"

Mama ta harari kwalbar. Ta ɗaga hannun da ƙyar, yana rawa, ta kai manuniya bakin kwalbar ta kuskure, ta sake kaiwa ta shiga. Ta cije leɓe ta juya yatsan kaɗan, ta ƙara juyawa. Da ta zaro, rabin jan ya tafi.

Daidai nan ɗanta ya shigo da leda a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka gani?" in ji Mama. "Na kore ka daga aiki."

Ya ajiye ledar, ya cire gilashinsa yana goge shi da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Audugata, yau kin yi min abin da ban san yadda ake gode masa ba. Ba na iya dogon zance. Ina son ki, kuma aure nake nufi. In kin yarda, ki ba ni izini in nemi ganin Abba."

Ta rungume wayar a ƙirji ta yi ta murmushi ita kaɗai, har Umma ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Sai can ta amsa:

"Na yarda, Mai Agogona. Amma ka duba yatsunka goma kafin ka zo."

Sai dai akwai wanda ya riga shi zuwa wurin Abba.

Dila ake ce masa, shi yake kawo wa shagon kaya a motarsa. Mutum ne mai son turare da yawan magana, kuma ya daɗe yana yi wa Auta tayi tana kaucewa. Ya lura da ɗaga hannun da ake yi daga tsallaken titi. Ranar da ya kawo wasu kwalaben abin goge farce marasa suna, masu warin da ke sa hawaye, Auta ta buɗe ɗaya ta shinshina ta mayar masa da kwalinsa.

"Wannan ba zan sayar wa mutane su sa a jikinsu ba."

"Da can ba kya zaɓe," ya ce yana murmushin da bai kai ido ba. "Ko sai da aka samu babban kwastoma mai shafa jan farce?"

Bai tsaya nan ba. Ya san inda Abba yake zama da abokansa da la'asar, ya je ya gaishe shi da ladabi, ya ajiye maganarsa ya tafi.

Abba tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki. Ba shi da faɗa, amma idan ya ce a'a, sai dai a canza zance. Ya kira Auta falo, Umma tana gefe.

"An ce min akwai wani mai shafa jan farce da yake zuwa wurinki."

"Abba, ba haka ba ne, mahaifiyarsa ce..."

"Na tambaye ki, an taɓa ganin sa da jan farce a hannu, ko ba a taɓa ba?"

Ta sunkuyar da kai. "An taɓa."

"To ya isa. Ban haifi 'yar da zan ba namijin da ake nuna shi da baki a titi ba. Ki gaya masa kada ya wahalar da kansa."

Umma ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Auta ta shige ɗaki tana kuka, ta rubuta masa duk yadda aka yi. Amsar ta daɗe ba ta zo ba.

"Abba yana da gaskiyar kare 'yarsa. Ba zan sa ki saɓa masa ba, kuma ba zan riƙa zuwa a ɓoye ba. Ki yi haƙuri, Audugata. Ina nan ina addu'a."

Daga ranar ya daina tsallako titi. Yana buɗe shagonsa ya sunkuya a kan aiki, gilashin gyara a ido ɗaya, ba ya ɗagowa. Auta ta rame. Ta goge gilashin ƙofar nan har Yaya ta ce zai huje.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya zo ne ta bakin mai kemis, wadda ta shigo hira ta ce, "Jiya na ga mutuminki a babban kantin can na kwana yana sayen abin goge farce. Yarinyar wurin sai dariya take masa."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ɗauki waya.

"Sannu. Ashe har an samu sabon shago da sabuwar mai bayani. Allah ya sa ita ma tana ba da auduga kyauta."

Ba a yi minti ɗaya ba ya amsa.

"Wallahi kunyar Abba ce ta hana ni shigowa. Kuma Allah ya kama ni, don na rikice na ɗauko mai asiton. Mama ta shinshina ta jefe ni da shi. Ta ce in ban dawo mata da ke ba, in nemi wata uwar."

Tana hawaye ta fashe da dariya. Ta sa kwalba mai kyau a leda da auduga, ta ba Yaya ta tsallaka ta kai masa.

Washegari da safe, Umma tana miƙa wa Abba shayi, ta ajiye tsohon agogonsa na hannu kusa da kofin, wanda ya tsaya tun yana tuƙi.

"Ka yanke wa yaro hukunci a kan maganar mai neman abin da yake nema. Ka je ka gan shi da idonka mana. Ai bai san fuskarka ba."

Abba ya yi gunaguni, amma ya sa agogon a aljihu.

Ya isa a motarsa ana yayyafi, ya tarar Mai Agogo yana ƙoƙarin rufe shago. Idon Abba ya fara sauka a kan yatsunsa. Babu komai.

"Baba, sannu da zuwa. Don Allah ka yi min uzuri, in ba gaggawa ba ne ka bar shi zuwa yamma. Zan kai mahaifiyata asibiti, ga ruwa yana shirin sauka, motoci kuma sun yi wuya."

Abba ya dube shi sama da ƙasa. "Ina gidan?"

"Nan baya ne kaɗan."

"Shiga mota in kai ku."

A ƙofar gidan Abba ya tsaya yana kallo ta tagar mota. Ya ga saurayin ya fito da tsohuwa a jikinsa, yana tafiya daidai da takunta, lema a kanta, shi kuwa ruwa yana dukan bayansa. Ya zaunar da ita, ya ɗaga ƙafar da ba ta ɗaguwa ya shigar, ya gyara mata mayafi. Da ta ɗora hannu a kan cinyarta, Abba ya ga farcen ta madubi.

"Bawan Allah, mun gode," in ji Mama. "Kana kallon farcena ko? Ɗana ne yake shafa min. Da ba don shi ba da ina kwance ina jiran mutuwa. A kan wannan farcen wani mutum ya hana shi 'yarsa, ka ji rashin adalci. In na gan shi sai na gaya masa magana."

"Mama, don Allah," in ji ɗanta. "Uba ne. Ni ma da 'yata ce sai na bincika."

Abba ya yi gyaran murya ya ƙara ƙarfin abin share gilashi, ko da yake ruwan bai kai haka ba. Da suka isa asibiti bai tafi ba. Ya zauna a benci ya jira aka gama, ya mayar da su gida. Da Mai Agogo ya zo yi masa godiya ta taga, sai ya miƙa masa agogon.

"Ka gyara, ka kawo min gida da kanka. Ka taho da manyanka."

"Baba, ai ban san gidan ba."

"Ka tambayi mai audugar, ta sani."

Mai Agogo ya daskare a cikin ruwa. Daga bakin ƙofa Mama ta ce, "Wai shi ne? To, Alhaji, maganar da na ce zan gaya maka, na fasa."

Abba ya yi dariyar da ya daɗe bai yi irinta ba, ya ja motarsa.

Auta tana cikin ba wata mata canji saƙo ya shigo.

"Audugata, yau na shiga motar Abba ban sani ba, kuma Mama ta zage shi a gabansa. Ya ce in turo. Ki zauna kafin ki faɗi."

Ba ta zauna ba. Ta yi tsalle ta rungume Yaya, matar da ke jiran canji ta ce ita ma a gaya mata abin farin cikin ta taya su. Dila kuwa, da ya ji labari, sai ya riƙa aiko da kaya ta hannun direbansa.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Gidan su Auta ya cika har waje, 'yan uwa da maƙwabta da matan da suke sayen kaya a shago. Da aka zo tafiya da amarya, Abba ya sa aka kira ango falo. Ya kamo hannun 'yarsa, ya buɗe baki zai yi doguwar nasihar da ya kwana biyu yana shiryawa, sai murya ta ƙi fita. Daga ƙarshe abin da ya iya cewa shi ne:

"Ga ta nan. Ita ce ƙaramarmu. Ba ta son a yi mata tsawa."

"In sha Allahu ba za ta ji ba, Abba."

"Allah ya yi muku albarka. Ku tashi ku tafi kafin in canza ra'ayi."

Falon ya kwashe da dariya, Umma tana yi tana share hawaye.

A can gidan, Mama ta ƙi yarda ta tarbi amarya a zaune. Ta sa aka tayar da ita, ta tsaya a tsakiyar ɗaki, ta buɗe hannunta mai lafiya. Auta ta shige jikinta.

"Na roƙi Allah 'ya mace tun ina da ƙuruciya," Mama ta ce a kunnenta. "Ashe ya amsa, ajiye min ke ya yi a gidan wasu su raine ki. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi min."

Ɗakin ya amsa da amin. Ango yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa kansa don murna. Auta ta ɗago daga kafaɗar Mama, ta dube shi ta ƙasan mayafi.

"Kai ba za ka ce amin ba?"

"Tun ɗazu nake faɗa," ya ce a hankali. "Sannu da zuwa gida."